Sawu ba shi da agogo: ta yaya ake sanin gudun dinozor?

Ɗana, tambayarka ta iso ni, na kuma ji daɗinta fiye da yadda kake zato. Ka ce a hutun nan ka sauka Yamai wurin kawunka, ya kai ka gidan tarihi na Boubou Hama, ka tsaya gaban ƙasusuwan dinozor, dabbobin nan da suka shuɗe tun miliyoyin shekaru, har ƙafarka ta gaji. Daga baya ka ji a wani shiri ana cewa masana sun gano wani irinsu yana gudun kilomita 40 da ƴan kai a awa, wai daga sawunsa da ya daskare cikin dutse suka sani. Da ka dawo Tawa ka ba kakanka labari, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun raƙuma tsakanin Abalak da Ingal, sai ya ce maka sawu ba shi da agogo. Kana so ka san tsakaninsa da masanan wa ke da gaskiya.

Kakanka ya faɗi gaskiya, kuma da ƴan kalmomin nan ya taɓa daidai inda ciwon wannan ilimi yake. Su ma masanan ba ƙarya suka yi ba. Shekaruna da yawa ina koyar da ilimin halittu da na ƙasa a lise, kuma wannan na cikin darussan da na fi ƙauna, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Saurin duk wani mai ƙafa abu biyu ne suka haɗa shi: tsawon takunsa, da yawan takun da yake yi cikin ɗan lokaci. Laka tana riƙe na farko, ba ta riƙe na biyu. Mutum biyu za su iya barin sawu masu tazara ɗaya a bakin tafkin Tabalak, ɗaya ya ratsa wurin cikin hanzari, ɗaya kuwa yana ɗaga ƙafa a hankali don kada takalminsa ya maƙale. Wanda ya zo washegari da igiyar awo, tazara ɗaya zai samu. Wannan shi ne agogon da kakanka ya ce babu.

To amma kakanka da kansa, in ya duƙa kan sawun raƙumi, yana iya ce maka wannan kiwo yake yi, wannan an kora shi, wannan kuwa a guje yake da mutum a bayansa. Da me ya sani? Da tazarar sawun, in ya gwada ta da girman dabbar. Tazarar da ke nufin gudu ga ɗan raƙumi, tafiyar nishaɗi ce ga amale. Abin da masana suka yi bai wuce su ɗauki wannan sani na makiyaya su sa masa lamba ba.

Dalilin da ya sa abin yake yiwuwa shi ne ƙafa ba ta da cikakken ƴanci. Rataya guga a gajeriyar igiya ka tura shi, zai yi ta kai da komo da sauri. Tsawaita igiyar, lilon zai yi nauyi. Ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi ne ke tsara wannan, kuma ƙafar mai tafiya haka take lilo daga kwatangwalo. Shi ya sa in ka san tsawon ƙafa, ka kuma san tsawon taku, yawan takun ba zai zama duk yadda aka ga dama ba, yana da ƴar iyakar da yake yawo a cikinta. Dubi mace da ƙaramin ɗanta a hanyar kasuwa: ita tafiya take yi, shi kuwa ɗan gudu yake yi a gefenta, alhali saurinsu ɗaya. Ba ƙiriniya ba ce. Babban mutum mai ƙafar santimita 90 yakan bar tafiya ya koma gudu in saurinsa ya kai wajen kilomita 7.5 a awa. Yaron da ƙafarsa rabin haka ce, tun a kilomita 5 da ɗan wani abu tafiya take gagararsa. Dabbar da kwatangwalonta ya kai mita 2 kuwa, sai ta wuce kilomita 11 kafin ta buƙaci gudu.

Wanda ya fara tsara irin wannan lissafi ba ma da dabbobi yake aiki ba. William Froude injiniyan jiragen ruwa ne a Ingila a ƙarni na 19, yana neman yadda zai gwada ƙaramin samfurin jirgi a kwatami ya san abin da babban zai yi a teku. Ma'aunin da ke ɗauke da sunansa shi ne: ka ninka sauri da kansa, ka raba da abin da ya fito in an ninka tsawo da ƙarfin jan ƙasa, wato 9.8. A 1976 wani farfesan ilimin dabbobi na jami'ar Leeds, Robert McNeill Alexander, ya sa tsayin kwatangwalo a gurbin tsawon jirgi. Ya tattara awon mutane da dawaki da wasu dabbobi masu rai, ya ga cewa manya da ƙanana, in wannan lamba tasu ta zo ɗaya, salon tafiyarsu yakan zo kusan ɗaya, takunsu ma yakan yi daidai gwargwadon tsawon ƙafarsu. Mutum da tsuntsu duka sukan sauya daga tafiya zuwa gudu in lambar ta kai wajen 0.5, kuma da ita na fitar maka da alƙaluman uwa da ɗanta. A wannan shekarar dai ta 1976 ne masanin Faransa Philippe Taquet ya raɗa wa Ouranosaurus, dinozor ɗin da aka tono a Gadufawa a nan Nijar, suna, don haka ƙasarmu da wannan lissafi kusan tare suka shiga littattafan fannin.

Ga yadda ake aikin a fili. Sawu ɗaya ba ya wadatarwa, sai an samu jeri, aƙalla uku a layi: dama, hagu, dama. Ana auna cikakken taku, wato daga sawun ƙafar dama zuwa sawun ƙafar dama na gaba, daga tsinin yatsan tsakiya zuwa tsinin yatsan tsakiya. Ɗalibaina nan suka fi yin kuskure, sai su auna daga dama zuwa hagu, wanda rabin taku ne kawai. Sannan a auna tsawon sawun kansa. Tsayin kwatangwalo kuwa ba ya cikin dutsen, dole a ƙiyasta shi, kuma Alexander ya duba ƙasusuwa ya ce a ninka tsawon sawu sau 4. In muka kira cikakken taku T, tsayin kwatangwalo K, dukansu da mita, lissafin shi ne:

Sauri = 0.78 × T^1.67 ÷ K^1.17

Amsar tana fitowa da mita a daƙiƙa ɗaya. Ka ninka da 3.6 ka samu kilomita a awa, tunda awa daƙiƙa 3,600 ce. Ƴar alamar nan mai tsini tana nufin ɗaga lamba zuwa wani mataki, kuma na'urar lissafin da ke cikin wayarka tana yi in ka juya wayar a kwance.

Mu gwada. A ce sawu mai yatsu uku, tsawonsa santimita 50. Kwatangwalo ya zama mita 2 ke nan. In cikakken takun mita 3 ne, lissafi zai ba ka mita 2.2 a daƙiƙa, kusan kilomita 8 a awa. Ga dabba mai wannan tsayi, tafiya ce kawai. In takun ya zama mita 6, za ka samu kusan mita 7 a daƙiƙa, kilomita 25 a awa. Ka lura, taku ya ninka biyu amma sauri ya ninka fiye da uku, saboda mai gudu ba tsawaita taku kaɗai yake yi ba, yana kuma ƙara yawansa.

Akwai wata hanya mafi sauƙi, ni kuma na fi amincewa da ita. Raba T da K kawai. Tony Thulborn na Ostireliya ya tsara cewa in abin da ya fito bai kai 2 ba, dabbar tafiya take yi; tsakanin 2 da 2.9 sassarfa ce. Sama da 2.9 gudu ne. A misalinmu na farko 1.5 ya fito, a na biyu 3. Wannan ita ce amsar da kakanka yake bayarwa da ido, ba tare da igiya ba.

Abin da Alexander ya samu ya ba mutane da yawa mamaki. Sawun da ya lissafa, har da shahararrun nan na kogin Paluxy a Teksas, sun ba da sauri tsakanin mita 1 da 3.6 a daƙiƙa. Manyan nan masu dogon wuya, dangin Jobaria namu na yankin Ingal, wajen mita 1 a daƙiƙa suke tafiya, wato ko tsohuwa mai zuwa rijiya za ta jera da su. Daga lokacin zuwa yau an auna jerin sawu masu ɗimbin yawa a duniya, kuma mafi rinjayensu tafiya suke nunawa.

Masu gudun kaɗan ne, shi ya sa ake ta ambatonsu. A 1981 James Farlow ya ba da labarin wasu sawu a wata gonar kiwo ta Teksas da lissafinsu ya kai wajen mita 12 a daƙiƙa. A wata mahaƙar dutse da ke Ardley a Ingila, an samu jerin wani babban mai cin nama da ya soma da tafiya, ƙafafu a ware, a kusan kilomita 7 a awa, sannan ya tattaro ƙafafun bisa layi ɗaya ya tsawaita taku har lissafi ya kai kilomita 29; a 2002 aka wallafa wannan. Lambar da ka ji kuwa ta yi daidai da ta La Rioja a Sifaniya, inda a 2021 aka bayyana jeri biyu kusa da garin Igea, mafi saurinsu tsakanin mita 8.8 da 12.4 a daƙiƙa. Iyakar saman nan ita ce kilomita 44.6 a awa. Don ka kwatanta, Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, matsakaicin saurinsa kilomita 37.6 ke nan, jimina kuwa tana kai wa wajen 70. Ka kuma duba yadda masu binciken suka ba da lamba biyu, ta ƙasa da ta sama, amma da labarin ya fita duniya ta saman kaɗai ta rage. Wannan yana ɓata mini rai a duk lokacin da na gani, domin faɗin tazarar nan shi ne gaskiyar binciken.

Me ya sa tazarar take da faɗi haka? Na farko, kwatangwalon nan da muka ƙiyasta. Ninki 4 matsakaici ne, ba doka ba. Thulborn ya sake auna ƙasusuwa ya ga cewa ninkin yana kamawa daga 4.5 ga ƙananan masu cin nama har kusan 6 ga manyan masu cin ganye. Koma kan misalinmu na takun mita 6. In muka ninka sawun sau 5 maimakon 4, kwatangwalo ya zama mita 2.5, saurin ya faɗo daga kilomita 25 zuwa 19, kuma T bisa K ya zama 2.4. Dabbar da muka ce gudu take yi ta koma mai sassarfa, alhali ba mu taɓa ko tsakuwa ɗaya a dutsen ba. Ƴaƴan dabbobi kuma ƙafarsu takan yi musu girma, kamar yadda kake gani ga kwikwiyo, don haka ninkin babba ba lalle ya dace da ƙarami ba.

Shi kansa tsawon sawun ba kullum yake tsawon ƙafa ba. Sawu haɗin gwiwa ne tsakanin ƙafa da ƙasa. Je bakin tafki bayan shanu sun sha ruwa ka bi saniya ɗaya da ido: a fako da ƙyar za ka ga alamar kofato, a laka mai ɗan tauri sawun zai fito tsaf, a caɓi kuwa rami ne kawai da bakinsa ya rufta ciki. Kofato ɗaya, sawu iri uku. Ƙafa tana zamewa ta tsawaita sawu, laka tana komawa ta rage shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan ruɗarwa. Dabba mai nauyi in ta taka, ba saman ƙasa kaɗai take lotsawa ba, har shimfiɗun da ke ƙarƙashi, kamar ka danna hannu bisa tabarmi uku da aka jera. Bayan miliyoyin shekaru iska da ruwa sukan cinye shimfiɗar sama, a bar mu da lotsawar ƙasa, wadda ta fi faɗi kuma gefenta ya dushe. Wanda ya auna ta a matsayin ƙafa zai ba dabbar tsayin da ba ta da shi, saurinta kuma ya ragu a lissafinsa.

Sai babbar matsalar, wadda zabi suka tona. Tsuntsaye jikokin dinozor masu cin nama ne, kuma zabo, irin namu dai mai ƙahon nan a ka, ya zama abin gwaji a wannan fanni saboda yatsunsa uku da yadda yake son yawo a ƙasa. Tun a 2014 Peter Falkingham da Stephen Gatesy suka ɗauki hoton ƙafar zabo da na'urar hasken da ke ratsa jiki, suka ga yadda yatsu ke nutsewa su dunƙule su fito a ƙarƙashin ƙasa mai laushi. A 2025 kuma masu bincike na jami'ar John Moores da ke Liverpool suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun tuni: suka duba hotunan zabi suna tafiya bisa laka iri-iri, suka auna saurinsu na gaskiya, sannan suka auna sawun da suka bari suka sa a lissafin Alexander. Lissafin ya zarce gaskiya, wani lokacin ninki biyu ko fiye. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ratsa fadama da damina. Mai tafiya a laka yakan miƙa ƙafa nesa amma ya daɗe kafin ya zaro ta, yakan tsaya, yakan yi jinkiri, sawun kuwa ba ya nuna tsayawar. Awon da Alexander ya gina lissafinsa a kai yawancinsa na masu shayarwa ne bisa ƙasa mai tauri, sawun dinozor kuwa a laka aka bar su, domin in ba laka ba, da ba su wanzu ba.

Ban ɗauki wannan a matsayin rushewar aikin Alexander ba. Shi da kansa ƙiyasi ya kira abin da ya yi tun daga kan sunan maƙalar, kuma ya buɗe ƙofar da ba a san da ita ba. Zabo ma ƙaramin tsuntsu ne mai tafiya da ƙafa a lanƙwashe, lakar da ta kai masa gwiwa ba za ta kai wa dabba mai tan biyu ko idon sawu ba. Abin da na ɗauka shi ne, in jerin sawu ya nuna T bisa K ya haura 3 a kan shimfiɗa mai tauri, sawun ba su nutse ba, to dabbar nan gudu take yi, ba na shakka. In an ce mini wannan jeri ya fi wancan sauri, a wuri ɗaya, a laka ɗaya, na yarda. Amma in aka ce mini kilomita 44.6 cif, sai in karɓi lambar da hannu biyu in ajiye ta a matsayin iyakar saman zato, in kuma nemi a faɗa mini irin ƙasar da aka taka.

Wani lokacin ma gardamar ba a kan lamba take ba, a kan abin da ya faru ne gaba ɗaya. A Lark Quarry, kusa da Winton a Ostireliya, akwai sawu sama da 3,000 na ƙananan dinozor. Thulborn da Mary Wade sun karanta su a matsayin garken da ya firgita ya watse da gudu. A 2013 Anthony Romilio da abokan aikinsa suka ce da yawansu alamun dabbobi ne da ke iyo a ruwa, yatsunsu na ɗan taɓo ƙasa. In ruwa ne ke ɗauke da nauyin dabba, tazarar sawunta ba ta da alaƙa da lissafinmu ko kaɗan.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai, domin a nan shirye-shiryen talabijin suka fi karkatar da mutane. Ko da lissafin ya yi daidai ɗari bisa ɗari, abin da ya gaya maka shi ne saurin dabba ɗaya, a rana ɗaya, cikin ƴan daƙiƙu, a kan laka. Bai gaya maka iyakar gudun irinta ba. Bi sawun karen farauta yini guda, kusan duka tafiya da sassarfa za ka gani; gudun da yake kama zomo da shi ɗan taƙi ne a cikin yinin, kuma ba a cikin taɓo yake yinsa ba. Saboda haka rashin samun sawun gudu ba ya nufin dabba ba ta iya gudu, samunsa kuma ba ya nufin nan ƙarfinta ya tsaya. Dangin Tyrannosaurus, ƙaton dinozor mai cin nama, misali ne mai kyau. A 2014 aka bayyana jerin sawunsu guda uku, gefe da gefe, a yammacin Kanada, lissafi ya ba da kilomita 6.4 zuwa 8.5 a awa. Wannan tafiyarsu ce. Tambayar iyakar gudunsu kuwa daga ƙashi da tsoka ake amsa ta. John Hutchinson da Mariano Garcia sun lissafa a 2002 cewa naman ƙafar da Tyrannosaurus zai buƙata don ya yi gudu mai tsanani ya fi abin da jikinsa zai iya ɗauka. A 2017 William Sellers da abokansa suka gwada da kwamfuta suka ga ƙasusuwan ƙafarsa za su shiga haɗarin karyewa in ya wuce wajen kilomita 19 a awa. Abin da ake nunawa a finafinai na ƙaton nan yana bin mota a guje, ƙashi bai goyi bayansa ba.

Ga kuma wata iyaka: sawu ba ya zuwa da sunan mai shi. Ana iya cewa wannan na mai cin nama ne, wannan na mai dogon wuya, amma da wuya a ce na wane iri ne takamaimai, sai dai a dubi ƙasusuwan da aka samu a shimfiɗar dutse mai shekaru ɗaya a yi kusanto. Shi ya sa sawu ke da nasu sunaye na ilimi daban da na ƙasusuwa.

Kada kuma ka ɗauka duk wannan labarin ƙasashen nesa ne. An fi sanin Nijar da ƙasusuwa: Ouranosaurus, Nigersaurus da Suchomimus daga Gadufawa, masu shekaru wajen miliyan 110, da Jobaria da Afrovenator daga yankin Ingal, waɗanda, ban da Ouranosaurus, ayarin Paul Sereno ya bayyana a shekarun 1990. Amma muna da sawu ma. Tun 1966 masanan Faransa, cikinsu har da Albert-Félix de Lapparent da Taquet, suka ba da rahoton sawu a yammacin Agadas. A 2011 kuma aka wallafa binciken wani ayari mai alaƙa da gidan tarihin halittu na Braunschweig a Jamus, kan sawu 120 cikin jeri biyar a shimfiɗun Irhazer, masu alamar yatsu biyu, aka raɗa musu suna Paravipus. Filin nan na yumɓu da makiyaya ke kai dabbobi lasar gishiri da damina, laka ce tun a wancan zamani, kuma ba abin mamaki ba ne a ce raƙuman kakanka sun taka kusa da wasu sawun da ba a rubuta ba tukuna. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu auna su daga waje suke zuwa, alhali mu ne muke da mutanen da suka fi kowa iya karanta ƙasa. Igiyar awo, littafin rubutu, waya mai ɗaukar hoto da haƙuri, kusan su ke nan kayan aikin. In Allah ya kai ka jami'ar Abdou Moumouni ka zaɓi ilimin ƙasa, wannan fili ne da yake jiran ƴan ƙasa.

Kafin nan, ga aikin da nake ba ɗalibaina, kai ma ka yi shi. Samu abokai biyu. Share fili mai tsawon mita 20 a kan rairayi mai ɗan danshi, ka auna tsayin abokinka daga ƙasa zuwa ƙashin kwatangwalo. Ya ratsa filin da tafiya, ɗayan yana riƙe da agogon waya, kai kuma ka auna cikakken taku biyar a tsakiyar filin ka fitar da matsakaicinsu. Mai kwatangwalon santimita 90 da takun mita 1.4, lissafi zai ba shi wajen kilomita 5.6 a awa. Duba abin da agogo ya ce. Ku maimaita da sassarfa, ku maimaita da gudu. Sannan ku koma bakin tafki inda laka ke kama ƙafa ku sake yin duka ukun. A wurinmu, a ƙasa mai tauri lissafi da agogo sukan kusanci juna har yara su yi ta murna, a laka kuwa sukan rabu, kuma darasin yakan zauna musu a ranar fiye da duk abin da na rubuta a allo. In akwai zabi a gidanku, jiƙa wani ɓangare na tsakar gida, watsa musu hatsi a ƙarshensa, ka ɗauki bidiyo. Da shi za ka ƙirga daƙiƙun.

In kuma wata rana a daji ka ci karo da sawu cikin dutse, kada ka fasa, kada ka yarda a ɓalle shi a kai kasuwa. Sawu ɗaya da aka cire daga jerinsa ya rasa tazararsa, kuma tazarar ce duk abin da muke lissafi da shi. Ɗauki hoto daga sama tsaye, da wani abu mai sanannen tsawo a gefensa, ka rubuta wurin, ka sanar da gidan tarihin nan na Yamai ko sashen ilimin ƙasa na jami'a.

Ka gaishe mini da kakanka da kyau. Ka tambaye shi yadda yake bambance sawun raƙumi mai kaya da marar kaya, da na wanda ya gaji da na wanda ya huta, da yadda yake sanin kwanan sawu, ka rubuta amsoshinsa da kalmominsa yadda ya faɗe su. Ka haɗo mini su da alƙaluman da kuka samu a bakin tafki.